Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NCA: a faɗa mana rabon kowane gurbi a hasken tauraro

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, Airport City, Accra.

Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya.

Ni sana'ata hawa rufi ce. Ina kafa farantan talabijin, ina ɗaura kyamarorin tsaro, ina jan wayar intanet a gidaje da shaguna tsakanin Nima, Mamobi, Newtown har zuwa Madina. Tun da intanet na taurari ya shigo ƙasar nan, mutanen Zango ba su bar ni na huta da tambaya ba: a saya ko kar a saya? Mai tambayar kan ɗaga waya ya nuna mini taswira, an shafe Ghana da launi guda daga Axim har Bawku, alamar ko'ina akwai sabis. Taswirar ba ƙarya ta yi ba, sai dai abin da ta ɓoye ya fi abin da ta nuna. Shi ya sa na rubuto muku a fili, da harshen da masu tambayar tawa za su karanta, don roƙo guda: ku daina karɓar lissafin sabis ɗin tauraro a dunƙule da sunan ƙasa. Ku nemi lissafin gurbi-gurbi, wato na kowane ɗan yankin ƙasa da tauraro ke sauke wa hasken siginarsa, ku kuma buga shi kowa ya gani.

Kun fi ni sanin yadda aka zo nan. A Disambar 2023 ku da kanku kuka gargaɗi jama'a cewa Starlink, kamfanin intanet na taurari, ba shi da lasisi a Ghana, a lokacin da wasu ke shigo da farantan daga Najeriya, inda aka fara sabis ɗin tun Janairun shekarar. Sai ga 14 ga Maris, 2024, farkon azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka lalace lokaci guda: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Wanda ke Accra ranar ba ya bukatar a ba shi labari. Kuka sanar cewa gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A Afrilu kuka amince da takardar kamfanin, a ƙarshen Agusta aka fara sayarwa. Shekarar ba ta ƙare ba taswirar kamfanin ta nuna an dakatar da sabuwar rajistar gida a Accra, kamar yadda aka yi a Legas, Abuja, Nairobi, Harare da Lusaka. Mutane suka yi ta cewa ai kaya ne suka ƙare a sito. Ba kaya ba ne. Sama ce ta cika, kuma wanda ya san yadda abin ke aiki bai yi mamaki ba.

Ga yadda yake, don masu karatu, tunda ku kun sani.

Tauraron da ke kawo mana talabijin yana can nisan kilomita 35,786, yana juyawa daidai da juyin duniya, shi ya sa muke saita faranti sau ɗaya mu ɗaure ƙusa mu sauko. Amma saƙo kafin ya je can ya dawo, amsa ma ta je ta dawo, an ci fiye da rabin sakan. Taurarin falaki na kusa kuwa suna kamar kilomita 550 ne kawai sama da mu, jinkirinsu bai wuce 'yan gomomin milisakan ba. Kusancin nan yana da farashi. Tauraro a wannan tsayi dole ya yi gudun kusan kilomita 27,000 a awa, ya kewaye duniya cikin minti 95 ko kusa da haka, don haka ba ya wuce 'yan mintuna a saman kanka ya ɓace. Sai an jera dubbai suna bin sawun juna. Starlink ya harba rukunin farko na 60 a Mayun 2019, zuwa 2025 sun haura 7,000.

Tauraro ɗaya a wannan tsayi yana iya yi wa ƙasa hidima har nisan kilomita 900 ta kowace fuska, idan an tsaya a kan cewa faranti ba zai kalli abin da ya yi ƙasa da digiri 25 daga doron ƙasa ba. To ku auna. Tauraron da ke saman Kumasi yana ganin Ghana kaf, yana ganin Abijan, Lome, Kwatano, Legas da Wagadugu. Amma gani daban, ba da sabis daban. Ba ya iya watsa sigina a wannan fili duka lokaci guda. Yana da 'yan haskoki ƙididdigaggu, kowane siriri, waɗanda eriyarsa ke karkatawa da lantarki ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba. An yanka doron ƙasa gurabe-gurabe masu kusurwa shida, faɗin kowane kamar kilomita 20 zuwa 25. Gurabe sun fi haskoki yawa nesa ba kusa ba. Don haka haske kan sauka a gurbi na ɗan ƙiftawar ido, ya tsallaka na gaba, ya dawo, kwamfuta ce ke tsara wa zai samu da kuma tsawon lokacin da zai samu. Masu binciken da suka auna tsarin Starlink daga waje sun ga cewa kowane sakan 15 ake sake rabon, a ce wane faranti zai kama wane tauraro.

Duk wanda ya zauna a Accra ya san rabon ruwan famfo. Bututu ya iso ƙofar gidanka, amma ranar da za a buɗe wa layinku da awa nawa za a bari, wani ne a wani ofis ke yankewa, kuma in maƙwabta duka suka buɗe famfo tare, na ƙarshen layi ɗigo yake samu. Haka hasken tauraro yake. Bambancin kawai, mai rabon ruwa a ƙasar nan yake, ana iya zuwa a same shi. Mai rabon haske manhaja ce da aka rubuta a wata nahiya, kuma ba wanda ya taɓa nuna mana jadawalin.

Wani zai ce ai rabin filin da tauraron ke gani teku ne, babu kowa sai jiragen ruwa, me zai hana a kwaso haskokin da ke zaman banza a zuba wa Accra? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mitar rediyon da ake saukar da sigina zuwa farantan gida tana tsakanin gigahaz 10.7 da 12.7, an yanka ta tashoshi 8. Haske biyu a kan mita ɗaya ba sa sauka a gurbi ɗaya ba tare da sun dame juna ba. Ko taurari goma ke saman Accra, abin da gurbin Accra zai iya sha yana da iyaka, iyakar kuma ta mita ce. Mai kamfanin Starlink da kansa ya sha faɗa cewa tsarin ya fi dacewa da wuraren da mutane ba su yi cunkoso ba. Ƙidayar 2021 ta ce yankin Greater Accra na da mutum sama da miliyan 5.4, a yanki mafi ƙanƙanta a ƙasar. Gurabe nawa ne za su rufe wannan fili? 'Yan kaɗan ne. Kumasi ma haka, daga Asawase da Aboabo har Ahodwo da Nhyiaeso ba su fi ƙarfin gurbi ɗaya ko biyu ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu da ke kusa da layin ikweta, wanda ba na jin ana faɗa a tallace-tallace. Accra na digiri 5 da rabi arewa da layin, Kumasi kusan 7, Tamale 9 da ɗoriya. Yawancin taurarin nan hanyarsu a karkace take, digiri 53 ko 43. Ma'anarsa, suna taruwa su yi kauri a saman ƙasashen da ke kusa da waɗannan digirori, irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, su kuma warwatsu su yi tsarara idan sun zo tsallaka ikweta. Samanmu ce ta fi kowace ƙarancinsu.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan nauyi. Taurarin talabijin na nesa duk a jere suke a kan da'ira guda daidai saman ikweta, kuma mitar da suke amfani da ita ita ce dai ta taurarin kusa. Dokar rediyo ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, a sashe na 22, ta kafa iyakar ƙarfin da tauraron kusa zai iya zubawa inda zai shiga farantin da ke kallon na nesa. Don haka idan tauraron kusa ya shigo tsakanin farantinka da waccan da'ira, dole ya ɗauke haskensa, wani ya karɓe ka daga gefe. A Turai da'irar tana can ƙasa-ƙasa ta kudu, faranti ya juya mata baya ya fuskanci arewa, shi ke nan. Mu kuwa da'irar ta ratsa tsakiyar samanmu ne daga gabas zuwa yamma, ta bi ta kusan ƙoƙon kai. Duk mai kafa faranti ya san haka ko da bai san sunan dokar ba, domin farantan talabijin namu gabas suke kallo, a ɗage sosai. Wato ɓangaren sama mafi kyau, inda hanya ta fi gajarta kuma gini ba ya tarewa, shi ne aka yi wa shinge. Kamfanin OneWeb ma sai da ya tsara taurarinsa su riƙa ɗan sunkuyawa gefe idan sun doso ikweta saboda wannan doka.

Ban ce dokar ba ta da amfani ba. Ita ke kare farantin da tsohuwa ke kallon wa'azi da labarai da shi a cikin gida, kuma irin waɗannan faranta sun fi na intanet yawa ninkin-ba-ninkin. Abin da nake cewa, iyakokin nan tun taron Istanbul na 2000 aka tabbatar da su, an kuma yi zazzafar muhawara a kansu a taron Dubai na 2023, wani taron na zuwa a 2027. Manyan kamfanoni na nesa da na kusa kowa na jan zaren zuwa gefensa. Ƙasashen da abin ya fi shafa su ne mu 'yan ikweta. Ina so wakilan Ghana su shiga zauren da alƙaluman da aka auna a Accra, Kumasi da Bolgatanga, ba da takardar da wani kamfani ya miƙa musu a bakin ƙofa ba. Muna da mutanen da za su iya. Ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua sun ƙera tauraron GhanaSat-1 aka kai shi falaki a 2017, a shekarar kuma aka buɗe na'urar nazarin sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse, wadda asalinta tashar sadarwar tauraro ce. Ga jami'ar KNUST a Kumasi. A ba su na'urar awo da aikin yi.

Bari in sauko kan rufi, inda na fi wayo.

Rufin gida a Nima ba fili ba ne. Kwano ne mai tsatsa, an danne shi da bulo da tsohuwar taya, ga tankin ruwa, ga wayoyin lantarki sun saƙa, ga bene mai hawa uku da maƙwabci ya tayar a gefe, ga hasumiyar masallaci. Farantin intanet yana son sama a buɗe, fili mai faɗi, domin tauraron da zai kama yanzu yana arewa, na bayan sakan 15 yana iya zama a yamma. Kafin in huda kwano sai na ɗaga waya na zagaya da kyamara, manhaja ta nuna mini jan tabo a inda gini ko bishiyar mangwaro ta tare. In aka yi kasala aka kafa a haka, intanet zai yi gudu, ya ɗauke na sakan biyu-uku, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Mai kallon bidiyo ba zai lura ba. Mai magana da ɗansa a Jamus ko mai tura kuɗi zai lura. Sau da yawa maganin bututun ƙarfe ne mai tsawon mita uku ko huɗu da igiyoyin ɗauri, sai kuma waya zuwa ƙasa saboda tsawa, abin da masu kafawa na ganin-ido ke tsallakewa.

Ga kuma ruwan sama. Mitar nan ruwa na cinye ta, wadda ke haɗa tauraro da tashar ƙasa ma ta fi ta rauni. Kowa ya san yadda talabijin ke daskarewa idan hadarin Yuni ya sauko. Intanet na tauraro ba ya yawan yankewa gaba ɗaya, sai dai ya rage gudu don saƙo ya isa lafiya. Amma abin lura, saƙon da ake aikawa a hankali ya fi cin lokacin haske. Wato ruwa a gurbi yana rage rabon kowa a gurbin, ba na wanda ake yi wa ruwan kaɗai ba. Kumasi ta fi Accra ruwa sosai, yankin Axim ya fi su duka. Duk awon da aka yi da rani, lokacin hunturu, aka ce shi ne ingancin sabis na shekara, an yaudari mai saye.

Yanzu ga inda zancen ya taɓa Zango. Nima na maƙwabtaka da Kanda da Roman Ridge, Cantonments da Airport Residential ba nisa. A taswirar sama, mu da su a kwano ɗaya muke ci. Gurbi na da adadin farantan da zai ɗauka, wanda ya riga ya riga. Wa zai riga? Mai kuɗin faranti a aljihu ranar da aka buɗe, wanda galibi gidansa na da wayar faiba tun tuni, tauraron na ajiya ne kawai. Bayan haka akwai rajistar 'yan kasuwa mai tsada wadda ake ba wa fifiko idan layi ya cunkushe. Ban ga laifin kamfani ba don ya sayar wa mai biya, kasuwa ce. Amma mitar da ake wannan ciniki a kanta dukiyar ƙasa ce, ku aka damƙa wa amanarta a dokokin 2008, ta 769 da ta 775. In kun bar rabon a kan kowa ya iya allonsa ya wanke, an san allon wa zai fita fes.

Abin da nake nema mai sauƙi ne, kuma kun saba yin irinsa. Kuna zagayawa da mota kuna auna ingancin kiran MTN, Telecel da AT gunduma-gunduma, kuna bugawa, kuna cin tara. Ku yi wa tauraro haka. Duk wata uku, kowane kamfanin da ke da lasisi ya kawo muku, a kan kowane gurbi na Ghana, faranta nawa ke aiki, wane gudu ake samu tsakanin magariba da sha ɗayan dare lokacin da kowa ke kan waya, minti nawa aka rasa sabis, da kuma ko gurbin a buɗe yake ko ya cika. Kamfanin yana da waɗannan alƙaluma sakan-sakan, da su manhajarsa ke aiki. Matsakaicin gudu na ƙasa baki ɗaya ba ya gaya wa kowa komai, domin faranti guda a dajin Mole da ke shan gurbi shi kaɗai zai rufa wa dubu na Accra asiri. Ku ma ku kafa naku farantan awo, kaɗan sun isa, don kada ku dogara da bakin mai kaya. Sannan a wajabta wa mai sayarwa ya nuna wa mai saye lissafin gurbinsa kafin ya karɓi sidi ko ɗaya. Idan gurbi ya faɗi ƙasa da gudun da aka yi alkawari wata bayan wata, a tsayar da sabon sayarwa a wurin har sai an ƙara ƙarfi. Kamfani ya taɓa yin haka don kansa, to a mayar da shi doka, kada ya zama sai ya ga dama.

Sai maganar rabawa, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa. A gidan haya na Zango mai ɗaki ashirin, ba mai iya sayen faranti shi kaɗai. Abin da ke faruwa, mutum ɗaya ya saya, ya ɗaura na'urar Wi-Fi a kan sanda, ya riƙa sayar da lambar shiga ta kwana ko ta mako ga 'yan gida da shagunan layi: tela, mai aski, mai MoMo na tura kuɗi ta waya, ɗaliban da ke duba sakamakon jarrabawa. A takarda wannan ya saɓa wa sharaɗin rajistar gida, kuma mai yi ba shi da lasisin sayar da intanet. Amma ku dube shi ta fuskar gurbi. Kujera ɗaya ce a sama, tana ɗauke da mutum arba'in maimakon gida ɗaya mai mutum huɗu. In akwai hanyar da ta fi wannan amfani da ƙarancin haske a birni, ban gan ta ba. Maimakon kame, ku fito da ƙaramin lasisi mai araha na mai raba intanet a unguwa, a yi rajista da katin Ghana, a san shi, a san inda yake, a koya masa kafawa da kare bayanan mutane, ku kuma sa kamfanoni su fito da rajistar da ta halatta haka. Wanda aka sani ana iya tuhumarsa. Wanda aka kora cikin duhu ba zai daina ba, zai dai ɓoye sandar.

Kada a fahimce ni a karkace. Tauraro ba shi ne maganin Nima ko Aboabo ba. Unguwa mai cunkoso faiba take so, a ja ta lungu-lungu kamar yadda aka ja wa unguwannin masu hali. Inda tauraro ya fi amfani shi ne inda gurabe ke zaune babu kowa: tsibiran tafkin Volta, Afram Plains, ƙauyukan bayan Salaga da Yendi, iyakar Bunkpurugu, ƙananan asibitocin CHPS da nas guda ke riƙe da su. Can haske na wucewa a banza dare da rana, abin da ya hana shi sauka kuɗin faranti ne da lantarki. Asusun GIFEC, na kai sadarwa karkara, don irin wannan aka kafa shi. Da taswirar gurbi a hannu, za a ga ƙuru-ƙuru inda sidi ɗaya zai yi aikin goma, a kuma iya ciniki da kamfani: kayan da ba ka da mai saye a can, nawa za ka bar wa makaranta da asibiti? Ba tare da taswirar ba, a makance za a shiga cinikin.

Ranar wahala ma tana bukatar tsari tun kafin ta zo. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da akwai tauraro a Maris ɗin 2024 da ba a ji komai ba. Da an ji. Da duk Accra ta koma sama rana ɗaya, gurabe ba za su ɗauki ko kaɗan daga cikin nauyin ba. Abin da tauraro zai iya a irin wannan rana shi ne ya riƙe wurare ƙalilan da ba a so su mutu: asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye, hukumar agajin gaggawa NADMO, cibiyoyin da kuɗin waya ke bi ta cikinsu. Haka lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo a 2023 ya mamaye Mepe da kewaye. Tunda manhaja ce ke raba haske, ana iya gaya mata ta ƙara wa wani gurbi lokaci, ta sa wasu faranta a gaba. Amma sai an rubuta a lasisi wa ke da ikon nema, wa zai amsa waya da tsakar dare, cikin awa nawa za a aiwatar. Na ji daɗi da ministan sadarwa ya matsa a 2025 cewa kamfani ya buɗe ofis a ƙasar nan. Ofishin karɓar koke daban, mutumin da zai iya taɓa jadawalin haske daban. Na biyun nake so ku tambaya.

Tauraro kuma ba shi ne intanet ba, gada ce. Dole saƙo ya sauko a tashar ƙasa, ko kai tsaye ko bayan ya bi ta taurari da yawa ta hasken leza, sannan ya shiga faiba. In tashar da mahaɗar suna wata ƙasa, saƙon da ɗan Nima ya aika wa bankin da ke Ridge sai ya fita waje ya dawo. Ku sa sharaɗin haɗuwa da mahaɗar intanet ta cikin gida, GIX, a cikin lasisi. Tunda kuma tauraro ɗaya ne ke raba haskensa tsakanin Abijan, Accra, Lome, Kwatano da Legas, abin da aka ƙara wa wani ana iya rage shi daga wani, ba mai sani. Gurbin Aflao ma rabinsa Lome ne. Ghana ita kaɗai ƙaramar kasuwa ce a idon waɗannan kamfanoni. Ƙungiyar hukumomin sadarwa ta Afirka ta Yamma, WATRA, tana nan. In ku da takwarorinku kuka nemi lissafi iri ɗaya da murya ɗaya, zai yi wuya a ce muku sirrin kasuwanci ne.

Ina gaggauta ku ne don wasu na tafe. OneWeb, da ya haɗe da Eutelsat a 2023, taurarinsa na kilomita 1,200, haskokinsu a kafe suke suna share ƙasa yayin wucewa, tsarin da ya bambanta da na tsalle-tsalle. Kamfanin Amazon ya samu izinin taurari 3,236 a 2020 kuma ya fara harba su a Afrilun 2025. Sin ma na gina nata. Dukansu mita ɗaya ko makusanciya za su nema a sama ɗaya, a gurabe ɗaya. Sharaɗin da ba a sa wa na farko ba, da wuya a ɗora wa na uku. A rubuta ƙa'idar yanzu, ta hau kan kowa daidai, ba tare da sunan wani kamfani a ciki ba.

Idan kun tsara daftarin, kada shawarar jama'a ta tsaya a otal a Airport City da takarda mai shafi sittin a shafinku na intanet. Ku zo Nima, ku je Asawase, ku je Tamale. Ku gaya wa sarakunan Zango da limamai su yi shela, masu kafa faranti da masu raba Wi-Fi za su cika wurin, kuma za su gaya muku awa nawa gudu ke faɗuwa a layinsu da wane wata ruwa ya fi cin sigina. Taswirar gurabe kuma idan ta fito, a yi ta da launi uku da kowa zai gane, a buɗe, ya kusa cika, ya cika, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Twi da Ga da Dagbani. Ina roƙon ta farko ta fito kafin ku sa hannu a kan wani sabon lasisi.

Na gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Wani mai kafa faranti da jan waya,
Nima, Accra.